Igiyar da Ba a Nunawa

Kafin a kawo rahoto caji ofis, rabin gari ya riga ya kalli mutuwar a waya.

Sajan ne ya faɗo ofishin Sufeto ko sallama babu, waya a hannu.

"Ranki ya daɗe, Kurege ya faɗo."

"Wane ne Kurege?"

"Haba, Madam! Mai sare bishiyoyin nan na intanet mana. Yana can ƙololuwa yana yanka da zarton inji, motar ƙugiya tana ɗauke gungumen ta saman rufin mutane. 'Ya'yana ba sa cin abinci sai da shi a gabansu."

Sufeto ta karɓi wayar. Mace ce mai ƙarancin magana, kuma ba ta kallon abu sau ɗaya ta ce ta gani.

Bidiyon gajere ne. Wani siririn saurayi ne maƙale a jikin doguwar bishiyar turare, yana yi wa kyamara dariya. Ya yanke gungume, ƙugiya ta ɗaga, gungumen ya yi lilo ta gefensa. Ya ƙwalla ƙara, ya saki. Sai ƙasa. An nuna ƙasan ma, kusa-kusa, ba a rufe komai ba.

A saman bidiyon an rubuta: Yau Baba Direba ya cika burinsa.

"Wa ya ɗora?"

"A shafinsu yake. Dubi abin da mutane ke rubutawa a ƙasa, Madam. Cewa suke a ƙona tsohon direban ƙugiyar da motarsa."

"Ina tsohon?"

"'Yan sintiri sun ƙwace shi da ƙyar. Yana bayan kanta."

Gidan da abin ya faru yana ƙarshen wani matsattsen layi. Motar ƙugiyar na tsaye a titi, an farfasa mata gilashi, dogon hannunta ya miƙe ta saman katanga zuwa bayan gida. Sufeto ta hau ta zauna a kujerar direba. Daga nan ba a ganin komai sai katanga da ganye.

A bayan gidan an lulluɓe gawar da tamfol a kan siminti. Ko'ina garin katako ne, ga warin fetur da ƙamshin ganyen turare. Bishiyar ta rabu biyu daga tsakiya: an cinye rabin reshe ɗaya da zarto, ɗayan yana nan da ganyensa.

Wani mutum na zaune a kan akwatin kaya yana goge gilashin kyamara da gefen rigarsa. Da ya gan su sai ya miƙe ya ɗingiso. Ƙafarsa ta hagu ta fi ta dama gajarta.

"Shi ke ɗaukar musu hoto," Sajan ya raɗa mata. "Wan marigayin ne. Ƙafa-da-rabi ake ce masa a shafin."

"A wajen aiki fa?"

"Yaya."

"To, Yaya za ka ce masa."

Ta durƙusa ta ɗaga tamfol ɗin. Ba ta daɗe a kan fuskar ba. Ɗamarar hawa tana nan a ƙugunsa, da gajeriyar igiyar da mai hawa ke zagaye bishiya da ita. Igiyar ba ta tsinke ba. Maƙalin ƙarfen da ke riƙe ta a buɗe yake.

Ta miƙa wa Sajan. "Rufe, ka buɗe."

Sajan ya yi ta fama. Sai da ya murɗa, ya danna, sannan ya buɗe.

"Gungume ba shi da yatsu," in ji ta.

A bayan ɗamarar kuma an maƙala wata doguwar igiya, baƙa, siririya, ta zubo ta tattaru a kan gawar. Ɗaya bakin nata a sake yake, ba ƙulli. Sufeto ta zagaya bayan bishiyar. Can ƙasa, ta gefen katanga, ɓawon ya goge ya yi zobe, kamar inda aka taɓa ɗaure abu tamau.

Ta dawo wajen Yaya.

"Allah ya ji ƙansa. Kai kaɗai ne a nan ciki?"

"Amin. Ni kaɗai. Leburori suna titi, inda ake sauke gungume."

"Wannan baƙar igiyar fa?"

"Ta jan kaya ce. Da ita ake aika masa zarto da ruwa."

"A bayansa ake maƙala ta?"

"Inda ya ga dama yake maƙalawa, ranki ya daɗe. Ƙanena ne, amma ba ya jin maganata."

"Kai ka ɗora bidiyon?"

"Ni na ɗora."

"Yana kwance a nan, ka zauna ka haɗa bidiyo?"

Yaya ya hura gilashin kyamarar, ya sake gogewa. "Dokarsa ce. Ya ce ko me ya faru a ɗora da zafinsa. Kuma ina so duniya ta ga abin da tsohon nan ya yi."

Sufeto ta sa Sajan ya kwashe kyamarori da kwamfuta da igiyoyin gaba ɗaya.

Da suka koma, ƙofar caji ofis ta cika da matasa, kowa ya ɗaga waya sama. Wata budurwa tana tsaye a lungun kanta, ta rungume ledar magani, ta rufe fuska don kada a ɗauke ta. 'Yar direban ce.

Baba Direba tsoho ne mai furfura a gemu. Ido ɗaya ya kumbura ya rufe, leɓensa a fashe.

"Ban taɓa shi ba, ranki ya daɗe. Wallahi ko iskar gungumen ba ta taɓa shi ba."

"Ai ba ka ganin komai daga kujerarka."

"Ba na gani, amma hannuna ya sani. Nesa da shi nake janyewa. Daga inda ake ɗauka ne kawai yake zama kamar ya doke shi. Haka aka tsara."

"Aka tsara?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Duk zamewar da kika gani a shafin nan wasa ce. Yakan buɗe igiyar ƙugunsa da kansa, ya yi ihu, ya saki. Akwai wata igiya a bayansa. Ta saman reshe take bi, ta sauko, a ɗaure ta a gindin bishiya. Ita ke cafke shi a tsakiya, ya yi ta reto yana zagina. Masu kallo ba sa ganin ta."

"Kai kuma ka yarda a riƙa zaginka."

"Ya ce kowane shiri sai da mugu, kuma fuskata ta dace." Ya yi wata 'yar dariya da ta sa leɓen ya sake tsagewa. "Yara har waƙa suka yi mini a layinmu. Na ce ba komai, aiki ne. Yau ga shi an je an farfasa mini tagogin gida, tsohuwata tana ciki."

"Wa ke ɗaure igiyar a gindi?"

"Ban taɓa gani ba. Ni a titi nake da oba-oba a kunne. In ya ce ɗaga, in ɗaga."

Tana fitowa ta ci karo da Dipi'o a baranda, yana leƙen taron ta taga.

"Sufeto, me kike jira? Duniya ta gani da idonta. Ki rubuta kisan ganganci, gobe a kai shi kotu, mu samu mu sha iska."

"Yallabai, duniya ta ga abin da aka nuna mata."

"Ni dai gobe na ce. In waɗancan suka ɓalle ƙofar nan, ba ke za a tambaya ba."

Ta rufe kanta a ofis ta shiga kallon tsofaffin bidiyoyin shafin, Sajan na tsaye a kanta yana ba da labarin kowanne kafin ya fara.

"Wannan ne na bayan masallaci. Nan ma saura ƙiris tsohon ya kashe shi. Matata har kuka ta yi."

"Ka yi mini shiru."

Zamewa bayan zamewa, duk iri ɗaya: ihu, faɗuwa, sai Kurege ya tsaya cak a tsakiya, wai ya cafki reshe. Babu igiya a ko'ina. A wani bidiyo da aka ɗauka kusa da wani farin bene, ta tsayar da hoton, ta matso da shi.

A sararin sama ba komai. Amma a jikin farin bangon ga inuwar Kurege tana reto, ga kuma inuwar wani siririn layi a miƙe, daga bayansa zuwa sama.

Sajan ya buɗe baki. "Kai! Ashe duk hawayen matata a banza?"

"Wa ke tace musu bidiyo?"

"Matar marigayin."

Gidan Kurege a cike yake da mata. Matar tasa ta ja su zuwa wani ƙaramin ɗaki inda take aiki: tebur, babbar kwamfuta, fitilun ɗaukar hoto, da hotunan mijinta a bango, ko'ina yana dariya. Yarinya ce ƙarama, idanunta sun yi jawur. Jaririya na barci a kan kujera.

"Mijina bai taɓa yi wa mabiyansa ƙarya ba," in ji ta. "Tsohon nan yana neman hanyar fita ne."

Sufeto ta zaro wayarta. Ta ajiye mata wayar da hoton farin bangon.

Matar ta daɗe tana kallo.

"Kin goge igiyar," in ji Sufeto a hankali, "kin manta inuwar."

"In aka sani, za su zage shi. Yana kwance ko binne shi ba a yi ba, za su ce maƙaryaci ne. Abin da ya bar wa 'yarsa ke nan, sunan nan."

"Akwai wani tsoho da za a kai kotu gobe saboda sunan nan. Wa ke ɗaure igiyar?"

"Wani lokaci shi, kafin ya hau. Wani lokaci Yaya. Ban sani ba, ni ba na zuwa."

"Kin kalli bidiyon yau?"

Ta girgiza kai. "Maƙwabciya ce ta shigo da shi tana ihu, ta tura mini a fuska. Da haka na ji. Na ga farko, na ture."

"Ina so ki kalla har ƙarshe."

"Madam," in ji Sajan.

"Ita ta san aikinsu, ba mu ba. Ki kalla da idon aiki, ƙanwata. Ki gaya mini abin da bai yi kama da na kullum ba."

Matar ta kalla. Da aka zo ƙarshe ta toshe bakinta, ta tashi ta fita da gudu. Suka ji tana amai a bayi. Jaririyar ta motsa, ta koma barci.

Da ta dawo, ba ta zauna ba.

"Ƙarshen nan ba babbar kyamara ba ce," in ji ta. "Babbar tana kafaɗar Yaya, sama take kallo. Wannan ƙaramar ce, mai ƙafa uku."

"Sai me?"

"Ƙaramar a titi take zama. Kullum. Ita ke ɗaukar saukar gungume, mutane suna son ƙarar. Me ya kai ta gindin bishiya?"

Ta kalli Sufeto, ta kalli Sajan, sai ta dafa bango ta sulale ƙasa.

A ofis, Sajan ya zaro mimorin ƙaramar kyamarar ya sa a kwamfuta. Ba a goge komai ba.

Hoton ya fara da siminti, babu kowa. Can sama ana jin zarto, ana jin Kurege yana waƙa. Sai ga ƙafafu sun shigo, ɗaya tana jan ɗaya. Hannu ya share garin katako, ya ɗauke wani bokiti da ya tare hanya. Aka ajiye hular kwano a tsakiyar simintin. Hoton ya yi dishi-dishi, ya washe, har ana ganin ƙurar da ke jikin hular. Sannan hannun ya ɗauke ta. Ƙafafun suka zagaya bayan bishiya, suka ɗan jima, suka dawo suka wuce.

Simintin ya zauna fayau yana jira.

Sajan ya kau da kai kafin ƙarshen. Bai yi wasa ba wannan karon.

"Je ka zo da Yaya," in ji Sufeto. Kafin ya dawo, ta gangara ƙasan shafin har ta kai bidiyo na farko da aka taɓa ɗorawa.

Yaya ya zauna a ɗakin tambayoyi, ya miƙe gajeriyar ƙafar gefe. Ya dubi fitilar da ke sama kamar bai gamsu da ita ba.

"Ka ce baƙar igiya ta jan kaya ce."

"Haka na ce."

"Matar ƙanenka ta ce ba haka ba. Bango ma ya ce ba haka ba." Ta nuna masa inuwar.

Ya ɗaga kafaɗa. "To, asirin sana'a ne, ba na son in tona. Shi ya ɗaura abarsa yau. Gaggawa gare shi. Ƙulli ya kwance, ƙaddara ce."

"Ɗazu tsoho ne ya kashe shi, yanzu ƙaddara."

"Ina cikin ruɗu ɗazu."

"Mai ruɗu ba ya haɗa hoton kyamara biyu." Ta juyo masa da kwamfutar. "Wannan hular wa ce?"

Ya kalla tun daga farko. Bai ƙifta ba. Da hoton ya washe a kan hular, sai ya ɗan gyaɗa kai, kamar wanda aka nuna wa aikinsa mai kyau.

"Me kake jira ya sauka a wurin, Yaya? Gungume a titi yake sauka."

Yaya ya ci gaba da kallon hoton.

"Da ka bar ta a titi, da ba ni da abin da zan riƙe ka da shi. Ƙulli yana kwancewa. Me ya sa ka shigo da ita?"

"Ba za ki gane ba," in ji shi. "Sau ɗaya zai faru. In babbar ta kuskure, shi ke nan, ba a maimaitawa."

Sajan ya yi salati a hankali.

Sufeto ta buɗe bidiyon farko na shafin. Tsohon hoto ne, na waya, yana rawa. Wani ƙaƙƙarfan mutum a saman bishiya, reshe ya karye da shi, ya faɗo a kan katanga. Yana kwance yana kiran sunan ƙanensa. Mai riƙe da wayar bai ajiye ba, sai ma ya matso. An sa wa bidiyon kiɗan ban dariya.

"Kai ne wannan."

"Ni ne." Muryarsa ba ta canja ba. "Ni na koya masa hawa. Ni na fara ɗaura masa ɗamara, tana yi masa yawa, sai da na huda mata sabon rami. Ranar nan ina ce masa, kira mota, ƙashina ya fito. Ya ce, tsaya Yaya, kaɗan ya rage. Ina asibiti ya ɗora. Da shi shafin ya tashi."

"Ka ce ya cire?"

"Na roƙe shi har gaban mahaifiyarmu. Ya ce mutane suna so. Duk shekara sai ya sake ɗorawa, wai ranar haihuwar Ƙafa-da-rabi. Shi ya raɗa mini sunan. In ina tafiya sai ya sa a ɗauke ni ta baya, a sa ƙarar ƙofa mai tsatsa a kan kowane taku. Ɗana aka sa shi ya kwaikwayi tafiyata a makaranta. Ya kwaikwaya, don su ƙyale shi. Ya zo gida ya nuna mini, ya iya sosai."



"Na kwance ta," in ji Yaya. "Ja ɗaya ne. Na koma na ɗauki kyamarata, na ce masa haske ya yi daidai. Ya ce, Ƙafa-da-rabi, ka kama ni da kyau. Na ce zan kama ka."

Sufeto ta rufe kwamfutar. Ta yi wa Sajan alama, ya sa masa ankwa.

A baranda suka haɗu da Baba Direba, an fito da shi, 'yarsa na riƙe da hannunsa. Dipi'o ya shige ofishinsa ya rufe ƙofa. Tsohon ya tsaya, ya ɗaga idon da ya rage masa.

"Yaya, ni me na yi maka? Ni na ɗauke ka daga kan katangar nan da hannuna ranar da ka faɗo."

"Ba ka yi mini komai ba, Baba."

"Ka san ni za a kama. Ka san za su iya kashe ni."

"Na sani. Da ma kai suke zagi, ba sai na koya musu ba."

'Yar ta yi kukan kura za ta shaƙe shi, Sajan ya tare. Tsohon ya nemi benci ya zauna, don har yanzu ba wanda ya gaya wa mutanen waje cewa ba shi ba ne, kuma ba shi da ta inda zai bi ya tafi gida.

Motar da za ta kai Yaya hedikwata tana bakin ƙofa. Da aka buɗe, wayoyi suka tashi sama gaba ɗaya. Wani ya hango ɗingishin ya yi ihu, "Ƙafa-da-rabi!" Taron ya fashe da dariya tun kafin su san laifinsa.

Yaya ya tsaya a kan matakala. Ya dubi rana, ya dubi wayoyin.

"Sajan," in ji shi, "koma ta hagu. Kana tare musu haske."